Irin Dawar Malam Nata'ala

Mahaifina Malam Nata'ala manomi ne ɗan manomi, kuma tun da aka haife shi a Pauwa har ya koma ga Allah bai taɓa yin wata sana'a ba. Ko ɗan fataucin rani da kowa kan taɓa, shi bai taɓa ba. In ya gama kai amfani gida sai ya hau gyaran darni da yaɓen rumbu da kai taki gona a kan jaki, har hadari ya sake haɗuwa a gabas. Tafiyarsa mafi nisa Funtuwa ce, ita ma sau biyu, kuma duk sau biyun ya dawo yana cewa ruwansu ba ya kashe ƙishi.

Gajere ne baƙi mai faɗin ƙafa, ba ya son surutu, ba ya kuma son a taɓa masa fartanya. Matarsa ɗaya ce har ya mutu, mahaifiyarmu Hajaratu. Mu huɗu muka rayu cikin bakwai da ta haifa: ni Lawwali babba, sai ƙanena Harisu, sai Suwaibatu da Talatu. Akwai kuma yayarsa Goggo Mero, wadda ta dawo gidan bayan mijinta ya rasu, ta kama ɗakin bakin zaure ta zauna, ta zama ita ce bakin gidan gaba ɗaya. Abin da Baba bai faɗa ba cikin shekara, Goggo takan faɗe shi kafin a sauke koko.

Da yake ni ne ɗan fari, akwai alkunya tsakanina da iyayena, irin ta mutanen da. Ba sa kiran sunana, ba sa yi mini magana kai tsaye, ba sa yaba mini, ba sa kuma yi mini faɗa a gaban mutane. A ɗakin Goggo na tashi. In Baba yana son in yi wani abu, sai ya tsaya a tsakar gida ya ce a gaya wa yaron nan, alhali yaron nan yana zaune gabansa yana jin komai. Mun saba da haka, ba wanda yake ganin wani abu ne.

Abin da aka san Baba da shi, daga Pauwa har ƙauyukan Faskari, shi ne irin dawarsa. Farfara ce doguwa, mai nauyin zangarniya, wadda kakanmu Audi ya zo da ita daga wajen Sabuwa tun Baba yana goye, don haka ake ce mata 'yar Audi. Tana yi a jigawa, tana jure tsayawar ruwa, tuwonta fari ne mai danƙo, karanta kuma ya isa darni da jinka. Amma ba haka nan ta zauna da kyanta ba. Duk shekara, kafin a sa wa dawa wuƙa, Baba zai shiga gona shi kaɗai, ya bi ta kara bayan kara yana ɗaga kai. Wadda ta yi masa sai ya ƙulla mata ganye. Waɗannan da hannunsa yake yanke su, ya ɗaura dami uku, ya rataye a saman ɗakin girki inda hayaƙi zai riƙa bugunsu ƙwaro ya kasa shiga. Daga ranar nan ba mai taɓa su har ruwan shuka ya sauka. Ko mahaifiyarmu, da take wuni a ƙarƙashinsu, ba ta miƙa hannu.

Ba ya sayar da iri. In shuka ta zo, mutane su taru a ƙofar gida, ya ɗiba wa kowa ɗan abin da ya samu, yana ja musu kunne su riƙa zaɓe kamar yadda yake yi. Ba sa yi. Shekara biyu sai ka ga tasu ta gauraye da kaura da duk abin da maƙwabci ya shuka, su sake dawowa suna sosa ƙeya, shi kuma ya sake ba su yana mita.

Shekarar fari, ta saba'in da uku, na ga abin da iri yake a wurinsa. Rumbu ya ƙare tun kafin bazara. Muka ci tafasa da dusa, aka sayar da awaki, Talatu tana ƙarama ta riƙa kuka har muryarta ta dushe. Dami ukun nan suna rataye a kan kowa, kullum ana kallonsu. Goggo da kanta ta roƙe shi a sauke ɗaya, ya ce a'a, ya kwance jakinsa ya kai kasuwar Ƙanƙara ya dawo da hatsi a kai. Da damina ta dawo, gonaki da yawa a Pauwa da irinsa aka shuka su.

To, ni kuma fa. Ni ne aka kama aka kai makarantar boko, na wuce har makarantar koyon aikin gona, na fito malamin gona daidai lokacin da kuɗin mai suka buɗe. Wanda bai ga shekarun nan ba ba zai gane ba. Aka yi mana ƙarin albashi na Udoji, na sayi babur sabo da rediyo da agogo mai haske. Samarin garinmu suka watse Kaduna da Legas aikin gini, suna dawowa da wando mai faɗin ƙafa suna cewa tuwon dawa yana sa su ciwon ciki. Takin zamani ya zo mota-mota, kusan kyauta. Kowa ya yarda duk wani abu na da ya gama yayi, ni kuwa na fi kowa yarda, don ina da takarda a kai.

A saba'in da bakwai ofishinmu ya kawo sabon irin dawa, gajera, mai saurin nuna. Aka ce kowane malami ya samo manoman da za su gwada a yankinsa. Na zaga ƙauyuka a kan babur ina bayani har maƙogwarona ya bushe, kuma duk inda na je amsa ɗaya ce. Su saurara da kyau, su yi godiya, sannan wani tsoho ya tambaya ko Malam Nata'ala ya shuka. Wani a Ƙanƙara ya faɗa mini a fili, yana dariya, cewa in fara da gidanmu tukuna. Maganar nan ta ƙona mini rai.

Na kai wa Goggo ƙoƙon bara ta gaya wa Baba. Ta je ta dawo ta ce ya ji, ya ce zai ba ni gefen gona ta wajen tsamiya in gwada abina a gani. Da ina da hankali da na karɓa na gode. Amma ni gefe ya yi mini kaɗan, gandun nake so duka, a bakin hanya, inda manyana za su tsaya da mota su gani. Na sake aika ta, ta dawo ta ce ya yi shiru. Na san abin da shirunsa yake nufi, ba zan yi wa kaina ƙarya ba.

Ana saura 'yan makonni ruwa ya sauka aka shirya taron manoma a Pauwa, za a raba taki da iri, manyanmu biyu za su zo. Na yi caraf na ce abinci a gidanmu za a yi. A shekarar an yi bikin Harisu, dawar rumbu ta ƙare, sai gero ya rage. Kwana biyu kafin taron aka aiko wani ɗan'uwan Baba ya rasu a Faskari, Baba ya tafi zaman makoki.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa rashin dawa ne ya sa, cewa baƙi za su zo kuma ba yadda zan yi. Ƙarya ce. Ina da babur, Ƙanƙara ba nisa, da na so da na auno dawa kafin azahar. Abin da na lissafa a raina shi ne, in babu 'yar Audi a gidan, dole ya shuka tawa.

Da hantsi na shiga ɗakin girki na jawo turmi na kife na hau. Mahaifiyarmu tana tsugune gaban murhu. Ba ta dube ni ba, sai ta juya wajen ƙofa ta ɗaga murya ta ce:

"Goggo, ki zo ki gani. Iri ne hwa ake saukewa."

Goggo ta zo da sandarta tana haki. Ta zage ni tas, ta ce ko yunwa ba ta sa an taɓa abin nan ba sai ni da na ƙoshi. Na ce mata iri na nan cikin buhu a zaure, wanda ya fi wannan, na gwamnati, an gwada shi an tabbatar. Har da ce mata ba za ta gane ba. Matar da ta goye ni, ta tauna ta ba ni, ita na gaya wa haka. Harisu yana tsaye a tsakar gida, bai hana ni ba, don ni ne babba kuma ni na yi masa kayan aure.

Na sauke dami ukun, kunkunniya tana zubo mini a kan farar riga. Na kira matan maƙwabta suka sussuke, suka surfa, aka kai niƙa. Mahaifiyarmu ta ɗauki igiya ta ce za ta itace, ba ta dawo ba sai la'asar, kuma ko tsinke ba ta riƙo ba.

Taro ya yi kyau, ba laifi. Aka ci tuwo da miyar kuka da naman rago a ƙofar gidanmu. Ɗaya cikin manyan da suka zo daga ofis ya suɗe hannu ya ce rabonsa da tuwo mai daɗin wannan tun yana yaro, ya tambaya wace dawa ce. Na ce ta gida ce kawai. Na ci malmala biyu a ranar, kuma ta wuce mini lafiya lau, wannan ma yana cikin abin da nake jin kunyarsa.

Washegari da yamma Baba ya dawo. Ina zaure ina goge babur ya wuce ni da sallama. Daga inda nake ina hango shi ya tsaya a ƙofar ɗakin girki, ya ɗaga kai, ya daɗe a haka. Igiyoyi uku ne kawai suke lilo. Na shirya amsoshi a bakina, na taki da na yawan buhu a kadada da komai, ina jira a kira ni. Ba a kira ni ba. Ya nemi ruwa aka ba shi, ya sha, ya yi alwala ya fita masallaci. Da shi mai faɗa ne, ko kuma da ni ba ɗan fari ba ne, da ya zage ni ko ya kai mini mari an wuce wurin. Bayan kwana biyu Goggo ta zo ta tsaya a kaina, fuska ba walwala, ta ce:

"Ya ce a tambaye ka, ita wagga dawa taka, taku nawa ake bari tsakanin rami da rami?"

Haka ya shuka ta, gandun duka, yadda na ce. Layi-layi da igiya, ba gero a tsakani, ba wake, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Ya yi mata noma uku, ya zuba taki a ranar da na ce, ko ciyawa ɗaya bai bari ba, don kada a ce ya yi mata mugunta. Ta fito kore shar, manyana suka zo suka ɗauki hoto, ni a gaba, shi can baya riƙe da fartanya.

Ba zan ɗora wa irin laifi ba, a wasu wuraren ya yi. A takardar da ta zo da shi an rubuta a jinkirta shuka, ni ne na yi gaggawa don tawa ta riga ta kowa fitowa. Ta kuwa riga. Ta fitar da kai ta fara nuna ana tsakiyar ruwa, lokacin da babu wata dawa da ta nuna a duk yankin, sai tsuntsayen duniya suka taru a gonarmu. Baba da Harisu da 'yan matan suka wuni suna kaɗa gwangwani suna ihu tun asuba har faɗuwar rana, mako da makonni. Abin da tsuntsu ya bari ruwa ya dake shi ya yi baƙi. Aka kai gida ɗan abin da bai cika rabin rumbu ba, tuwonsa yana warin ruma. Karan kuwa bai kai ƙugu ba, ko darnin bayan gida bai yi ba. A ranin nan gidan Malam Nata'ala, wanda yake ba mutane kara, da tsohon darni ya zauna ana hango tsakar gidansa daga hanya.

Ni a lokacin an mayar da ni wajen Sabuwa, kuma na yi murna da canjin. Na riƙa aiko da shinkafa da buhun masara, ana karɓa ana godiya ta bakin Goggo. Sau ɗaya na ce ta ba shi haƙuri. Ta ce in je da kaina mana, ai ƙafata ƙalau. Na ce kunya ba za ta bar ni ba, ta ce da ka hau turmi ina ka ajiye ta. Duk da haka ta kai saƙon, ta dawo ta ce ya ce ba komai, in riƙe aikina da kyau. Na karɓi wannan na ajiye kamar an gama magana.

Da bazara ta gaba ta zo, Baba ya zaga gidajen waɗanda ya taɓa ba iri, ya duba rumbunansu, duk ta gauraye. Mutum ɗaya ya sani mai zaɓe irin nasa, wani abokinsa tun na ƙuruciya, Malam Almu na Sheme, wanda ya karɓi 'yar Audi wurinsa shekaru da yawa da suka wuce. Ya tashi da ƙafa ya tafi Sheme, yana da shekara sittin da wani abu, alhali ga ni ɗansa da babur. Ya dawo da zangarniya bakwai a cikin tsumma. A gefen tsamiya ya shuka su, ya sake somawa daga farko, yana zaɓe yana ƙulla ganye, sai a shekara ta huɗu ya sake rataye dami uku cif. Goggo ta ce yakan murza tsabar a tafin hannu ya ce ta kusa, amma ba ta kai ba tukuna.

Damina ɗaya ya ƙara bayan wannan. A tamanin da biyu, ana gab da yankan dawa, ya dawo daga gona da zazzaɓi, ya kwanta kwana shida. Aka aiko mini, na iso an riga an kai shi.

Ranar uku muna zaune a ƙofar gida, mutane cike da tabarmi, sai ga wani tsoho dogo mai raha ya sauka daga motar haya. Shi ne Malam Almu. Ya yi gaisuwa, ya share hawaye, sannan ya hau ba da labarin Baba yadda abokan wasa kan yi, ana murmushi. Ya ce a duk zamansu sau ɗaya ya taɓa kama Nata'ala da kasawa, kuma bai bar shi ya huta ba har ya mutu. Ya juyo wajena, don a ganinsa ni ina wurin aiki lokacin ban san zancen ba.

"Kai ba ka nan, ɗana. Tsohon nan ya taho mani Sheme da ƙahwa, shina ta kewaye-kewaye ya kasa hwaɗin abin da ya kawo shi. Sai da na matsa mashi ya ce iri shika so. Na ce kai da ke ba mutane, mi ya ci naka? Ya sunkuyar da kai ya ce sakaci ya yi, bai duba ba, gara ta hau ta cinye. Nata'ala hwa, gara! Tun rannan na sa mashi Mai-gara."

Mutane suka yi dariya kaɗan, irin ta zaman makoki. Wani ya ce ai sunan ya bi shi har kasuwar Ƙanƙara, in an kira shi da shi sai ya amsa, ko fuska ba ya ɓatawa. Wani dattijo ya ce haka tsufa yake, ko wanda ya fi kowa kula wata rana sai ya yi sake. 'Yan Pauwa da suka ci tuwon taron nan suna zaune a wurin, wasunsu sun san gaskiya, suka dubi ƙasa. Ashe shekara huɗu ke nan yana yawo da wannan suna, ni ina Sabuwa ana ce mini Malam, ba wanda ya gaya mini, ni ma ban tambaya ba.

Harisu yana gefena, na ji ya juyo yana kallona. Abin da ya rage mini kaɗan ne, in ce ba gara ba ce, ni ne. Na gyara zama, na yi gyaran murya, har Malam Almu ya dakata yana jira. Na dubi mutanen nan, na dubi abokan aikina biyu da suka zo daga ofis suna zaune a kan benci, sai na ji bakina ya ce Allah ya jiƙansa. Aka ce amin, liman ya ɗaga hannu, na ɗaga nawa.

Malam Almu ya rasu bai sani ba. Goggo ta rasu, mahaifiyarmu ta rasu, waɗanda suka ci tuwon ma kusan duk sun tafi. Harisu ne yake noma gandun yanzu, kuma bai taɓa tayar mini da maganar ba. Bara na kai ƙaramin jikana Pauwa ya ga dangi, muka tsaya a bakin hanya sayen rake, mai raken ya tambaye shi ɗan wane gida ne. Yaron bai sani ba, sai wata mata da ke wucewa ta amsa masa, ba da wata manufa ba, ta ce ai na gidan Mai-gara ne.